Mota Tana Ɗauke Wuta Tana Dawowa: Ta Ina Za a Fara Bincike?

Kana cikin tafiya ka faɗa ɗan rami, sai dashbod ya yi duhu, rediyo ta yi tsit, allurar mita ta zube ƙasa. Kafin ka ankara komai ya dawo. Ka kai ta wurin mai rewaya, ta ƙi nuna halinta. A nan mutane da yawa suke asarar kuɗi, a sayi sabon batir, a sauya altaneta (na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki), matsala tana nan daram. Galibi wutar da ke zuwa tana tafiya ba kaya ne ya mutu ba, wani haɗi ne ya saki.

Da farko ka lura da abu biyu: me ya ɗauke, kuma yaushe. Idan komai ne ya mutu har hon da fitilar cikin mota, kuma agogo ya koma sifili, laifin yana tsakanin batir da akwatin fiyus. Idan fitilun gaba suna nan amma dashbod da inji suka mutu, ka karkata ga mazaunin makulli ko babban rilei (ɗan akwatin da ke haɗa wuta yana yanke ta). Kan gargada take yi? Haɗi ne ya saki. Sai inji ya ɗau zafi? Akwai abin da ke buɗewa da zafi.

Buɗe bonet, ka kama kan batir ka murɗa da hannu. Idan ya juya ko da kaɗan ne, ga ɓarawon nan. Farin garin nan ko kore-kore da ke taruwa a kai yana hana wuta wucewa, ko da kuwa an ɗaure tamau. Kashe mota, ɗauki sifana lamba 10, ka fara cire kan mai alamar ragi, sannan mai alamar tarawa. Wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa a ciki, kada ya shiga cikin batirin, ka goge da sanfefa har dalmar ta yi ƙyalli. Wajen mayarwa, mai alamar tarawa ne farko. Ƙusa ko guntun gwangwani da ake cusawa don cike giɓi, a daina, kan batir sabo ba shi da tsada. Ka duba ƙarfen da ke danne batirin ma, domin batirin da ke rawa a mazauninsa yana iya tsagewa daga ciki.

Yanzu ɗauko mitar gwada wuta ka sa ta a kan DC 20, ka ɗora bakunanta biyu a kan dalmar batir. Batirin da ya huta, in cike yake, zai nuna wajen volt 12.6. Idan 12.2 ne, rabin caji ke nan. A sa wani ya tayar maka kana kallo, kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Inji na aiki, ana son 13.5 zuwa 14.7. Kunna fitila, AC da fanka, ka tsaya minti biyu kana kallon lambar. Idan tana tsalle, yanzu 14 an jima 12, ko fitilar batir tana ƙyaftawa a dashbod, to kabon ɗin altaneta (ɗan gawayin da ke gogar sandar cikinta) ya cinye, ko bel yana zamewa, ko soket ɗin bayanta ya saki.

Don Allah, kada ka yarda a cire kan batir mota tana aiki wai don a gwada altaneta. Batir shi ke shanye hauhawar wuta. Da an cire shi, wutar na iya haurawa ta ƙone kwamfutar mota, wadda ake ce wa biren-bos a gareji.

Wurin da aka fi mantawa shi ne wayar at, wato baƙar wayar da ta tashi daga batir ta kama jikin mota da inji. Ido ba ya gane ta, domin takan ruɓe a ƙarƙashin roba, waje kuwa fes. Gwada ta da nauyi a kanta: sa bakin mita ɗaya a kan dalmar batir mai alamar ragi, ɗayan a kan ƙarfen inji mara fenti, a tayar da mota. Idan ka ga ya haura 0.3, wuta tana ɓacewa a hanya. Kwance ƙusoshin, kankare tsatsa da fenti har farin ƙarfe ya fito, ɗaura, shafa ɗan giris a sama. Haka za ka yi wa jar wayar daga batir zuwa kik (abin da ke murza inji ya tashi), ita kada ta wuce 0.5.

Daga nan sai akwatin fiyus na cikin bonet. Babban fiyus, mai amp 80 zuwa 120 a ƙananan motoci da yawa, yakan yi siririn tsagu da ke haɗewa yana rabewa. Duba ƙusoshinsa, nemi robar da ta narke ko ta yi baƙi, ka shinshina ko akwai ƙauri. Bar inji yana aiki, ka riƙa girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kana ɗan ƙwanƙwasa kowane rilei da gindin sukudireba. Inda inji ya yi tuntuɓe, nan ne. Tsofaffin Honda Civic da Accord na shekarun 1990 sun yi suna da wannan: dalmar cikin babban rilei tana tsagewa, mota ta ƙi tashi idan ta sha rana, da yamma ta tashi lafiya lau.

Mazaunin makulli ma yana cinyewa. Mota na aiki a tsaye, girgiza makullin a hankali. Dashbod ya ƙyafta? Sauya mazaunin makullin, kuma ka rage tarin makullan gida da na shago da ka rataya masa. Irin wannan matsala ce ta sa kamfanin General Motors ya janye motoci kusan miliyan 2.6 a Amurka da wasu ƙasashe a 2014.

In duk waɗannan sun fita lafiya, leƙa ƙarƙashin sitiyari. Tiraka (na'urar bin sawun mota), ƙararrawar ɓarayi ko rediyon da aka ƙara daga baya, sau da yawa yanka waya aka yi aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif. Tiraka mai kashe inji kuwa a kan wayar famfon mai ko ta makulli ake ɗora shi, haɗin na sakewa mota ta mutu a tsakiyar titi. Warware salatif ɗin, a haɗa wayar da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, sannan ka koma kan gargadar da ta saba yi maka ka gwada.