Za ka canza rufi? Dakata da kiran tifa tukuna

[Hoto: bidiyon da ke yawo a WhatsApp, ana jefa tarkacen rufi cikin ƙaton akwatin ƙarfe]

Tun makon jiya ake ta turo min wannan bidiyon, kowa tambayarsa ɗaya: a ina ake hayar irin wannan akwatin a Kano? To jama'a, a Amurka aka ɗauke shi. Can kamfani ne yake kawo akwatin ya ajiye a ƙofar gida, ka yi kwanaki kana cikawa, sannan ya dawo ya ɗauke. Akwai ma iyakar nauyin da za ka zuba, in ka wuce ka biya ƙari. Mu nan tifa muke da ita, da a-kori-kura, sai baro in lungu ya matse. Kuma tifa ba ta kwana a ƙofar gidan kowa. Ta zo, a loda, ta wuce. Kuɗinta sawu-sawu ne.

[Hoto: kafinta a saman gida yana cire ƙusa]

Cire rufin kansa ba zan daɗe a kai ba, kafinta ya san aikinsa. A fitar da kayan ɗaki, a kashe wuta, a fara da kwano, a bi da katako. Abin da zan roƙa kawai shi ne a yi da rani. Wanda ya buɗe saman ɗakinsa a watan Agusta, hadari ɗaya ya ishe shi.

Ga inda ake yin asarar. Kalli nan.

[Hoto: tsibi ɗaya a tsakar gida, kwano da katako da ƙasa da silin duk a cakuɗe]

Leburori suna sama, duk abin da hannu ya kai gare shi sai su wurgo ƙasa, wuri ɗaya. Kafin la'asar an tara dutse guda. Maigida ya leƙo, ransa ya ɓaci, ya ɗauko waya: "Malam direba, don Allah ka zo ka kwashe min komai." Wannan "komai" ɗin ita ce ta cinye masa kuɗi, domin kusan rabin abin da ke cikin tsibin nan ba shara ba ne.

Ɗaga wancan kwanon mu gani. Ya yi tsatsa a gefe, amma tsakiyarsa lafiya lau. Zai rufa akurkin kaji, zai yi rumfar mai shayi. Wanda ya lalace gaba ɗaya ma, 'yan gwangwan za su ɗora shi a sikeli su ba ka kuɗi, ko ka kai Kofar Ruwa da kanka. Katakon da gara ba ta taɓa ba zai koma aiki. Azara kuwa, in tsohon gida ne irin na cikin birni, kada ka yarda a tsaga ta a yi makamashi, giginya ce, tana iya fin wanda ya sa ta daɗewa a duniya.

Na ga wani maƙwabcinmu ya biya kuɗin sawu 3, aka kwashe masa har da kwanon. Da tifar ta juye a bola, yaran bola jari ne suka tsince shi tas. Su kam sun yi sallah ranar nan. Shi kuma ya biya kuɗin kai musu.

Dalilin da ya sa sawu yake yawa shi ne kwano da katako suna cin wuri ba su da nauyi, ƙasa da kankare kuma suna da nauyi ba sa cin wuri. Kankare mai faɗin mita 1, tsawon mita 1, tsayin mita 1, ya kai tan 2.4. Shi ya sa in ɓaraguzai ne zalla, direba zai ce a tsaya alhali kana ganin bayan motar bai cika ba. Ba wayo yake maka ba, tayarsa yake ji wa. In kuma ka cakuɗa, katako ya gitta, kwano ya lanƙwashe, sai motar ta cika da iska.

Saboda haka tun kafin a cire ƙusar farko, ka nuna wa leburori wuri: ƙarfe nan, itace can, ƙasa da bulo kusa da ƙofa. Ita ƙasar ma ka tambaya a unguwa, sau da yawa akwai mai neman ciko.

[Hoto: fasasshen silin fari-fari a jingine da bango]

Tsaya a kan wannan. A yi shiru kaɗan.

Wannan shi ne ya fi damuna. Tsofaffin gidaje da yawa silinsu na asbestos ne, wato allon siminti da aka haɗa da wani ma'adini mai zare-zare. Yana nan a sama bai fashe ba, da sauƙi. Da zarar an farfasa shi, ƙurarsa ta shiga huhu, ba ta fita. Tana jawo sankarar huhu, kuma galibi ciwon ba ya nunawa sai bayan shekara 20 ko fiye. A jiƙa shi da ruwa, a sauko da shi sukutum, a naɗe a leda mai kauri a ɗaure. Kada a yi ciko da shi, kada yara su yi wasa a kai, kuma ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙurar. Yaron da ya hau saman nan ɗan wani ne.

[Hoto: tifa tana ja da baya a bakin lungu]

Yanzu ka kira direba. Ku yi ciniki a kan sawu, ku yi maganar wa zai biya masu lodi, ka kuma tambaye shi ƙarara ina zai juye. In ya ce kwalbati ko bakin kududdufi, ka sallame shi, ruwan da zai toshe gidan wani zai shiga. In ba ka san wurin da aka amince a zuba ba, ka tambayi REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano. Kada kuma ka sa masa rana da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin tsaftar muhalli ne, motoci ba sa yawo.

Tifa ta tafi, saura ƙusoshi. Ɗaura maganaɗisu a igiya ka ja shi a tsakar gida da ƙofar gida, sau biyu, kafin yara su dawo daga Islamiyya. Ga abin da muka tsinta a wannan gidan, ƙusoshi cike da kwanon awo guda.