Ranar da tsuntsu ya kunyata soja, da sauran barkwancin fagen daga

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Kafin komai ku ɗan ƙare wa tsuntsun nan kallo. Sunansa emu, kamar jimina yake amma a Ostireliya yake zaune, baya tashi sama, tsayinsa ya kusa mita 2, kuma wlh ya taɓa sa sojojin gwamnati sun naɗe kayansu sun koma bariki da mashingan ɗinsu.

A 1932 akai abin. Bayan yaƙin duniya na ɗaya gwamnati ta raba wa tsofaffin sojoji gonaki a yammacin ƙasar suna noman alkama, kwatsam sai ga emu kusan 20,000 sun sauko yankin Campion suna cin alkamar suna ɓalle shinge. Toh manomi dai in tsohon soja ne ai kasan dabarar da zata fara faɗo masa, suka ce a kawo bindiga. Aka turo Manjo Meredith da sojoji 2, mashingan ƙirar Lewis guda 2, da harsashi 10,000. Ana fara harbi tsuntsayen nan suka watse kowanne ya kama gabansa. Akai musu kwanton ɓauna a bakin wani dam inda sama da 1,000 suka taho shan ruwa, an kashe kamar 12 kenan bindigar ta cije. Suka ce bari a ɗora ta a kan mota a bi su da gudu, motar ta kasa cim musu, ga gargada ta hana mai harbin ko saita bindigar. Cikin mako ɗaya aka janye su. Da suka dawo karo na biyu Manjo da kansa ya ce ya kashe 986 da harsashi 9,860, wato duk tsuntsu ɗaya harsashi 10.

Wannan dariyarsa bata da tsada tunda ba ɗan adam ɗin da ya mutu. Wanda ni yafi tsaya min a rai shi ne barkwancin da sojan da kansa ya yi yana cikin rami, laka har gwiwa, ƙwarƙwata na cinsa, ɓeraye na bi ta kansa.

Ku ji labarin wata jarida da sojoji suka fitar a yaƙin duniya na ɗaya. Watan Fabrairun 1916 ne a garin Ypres na Beljiyam, garin da igwa ta riga ta mayar kufai, kuma a kusa da nan ne Jamusawa suka saki iskar gas mai guba a 1915. Sojojin Birtaniya bakinsu ya kasa furta sunan garin sai suka mai da shi Wipers. Wasu 'yan bataliya ta 12 ta Sherwood Foresters suka tsinci injin buga takarda a cikin ɓaraguzai, akai sa'a wani sajansu dama aikin ɗab'i yake yi kafin yaƙi, ya gyara shi, Kyaftin Fred Roberts ya zama edita, suka fara fitar da jarida mai suna Wipers Times. Kuma cike take da tallan ƙarya. Akwai tallan fili na sayarwa a kan Hill 60, wani tudu da aka zubar da jini a kansa ba kaɗan ba, wai ga iska mai daɗi ga kallon gari mai tarihi, mai so ya tuntuɓi dillalan, su waye dillalan? Jamusawan da ke harbo su. Akwai kuma tallan maganin wani ciwo da suka kira kyautata zato. Alamominsa, in kana tashi da safe kaji a ranka komai na tafiya daidai a yaƙin, ko kana ganin shugabanninmu sun san abin da suke yi, toh ka kamu, amma kar ka damu kwana 2 a wajenmu zai raba ka da shi har abada. Wajen nasu kuwa ramin da suke kwance ne.

A 1916 ɗin nan fa, ranar 1 ga Yuli kaɗai, sojojin Birtaniya sama da 19,000 suka mutu a fagen daga na Somme da ke Faransa. Kaga mutumin da ya rubuta tallan nan ba wai bai san abin da ake ciki bane, ya fi kowa sani. Ba shi da ikon ya ce wa janar kai ka yi kuskure, in ya ƙi umarni kotun soja ce, har harbewa ana yi, abin da ya rage masa kawai ya yi wa janar ɗin da lakar da ita kanta mutuwar shaƙiyanci. Kuma ku lura da inda kibiyar take dosa, ko kansa ko na sama da shi.

Wani lokacin ma na saman ne ke yi. A yaƙin duniya na biyu, 22 ga Disamba 1944 Jamusawa sun yi wa Amurkawa ƙawanya a garin Bastogne na Beljiyam suka aiko da doguwar wasiƙa a miƙa wuya, Janar McAuliffe ya mayar da amsa da kalma ɗaya tak, "Nuts", kamar kace shirme. 'Yan aiken suka kasa gane ko eh ne ko a'a sai da wani kanar ya yi musu fassara mai zafi.

Yanzu ga inda nake da ja. Kun san tsohon barkwancin nan, wai ana sayar da bindigar sojan Faransa, sabuwa fil ba a taɓa harba ta ba, sau ɗaya aka yar da ita ƙasa. Eh gaskiya ne a 1940 cikin mako 6 Faransa ta faɗi. Amma ƙasar nan ce ta rasa sojoji sama da miliyan 1.3 a yaƙin duniya na ɗaya, ranar 22 ga Agusta 1914 ita kaɗai kusan 27,000 suka mutu, sun yi wata 10 suna kare garinsu na Verdun daga Jamusawa. Ko a 1940 ɗin ma sojojin Faransa da aka ritsa a Lille sun riƙe Jamusawa kwanaki, hakan na cikin abin da ya ba da damar kwashe sojojin Birtaniya da ƙawayenta 338,000 ta teku daga tashar ruwa ta Dunkirk. Haba, wannan bindigar an harba ta. Haka yaƙin Birtaniya da Zanzibar na 1896 da ake ta tsokana wai ko minti 45 bai kai ba, a cikin mintocin nan mutum kusan 500 aka kashe ko aka raunata a ɓangaren Zanzibar, a ɗaya ɓangaren sojan ruwa ɗaya ne ya ji ciwo.

Bari in nuna muku wani sojan kuma. Wannan Wojtek ne, dabbar beyar, sojojin Polan suka same shi yana jariri a Iran a 1942. Da za a shiga jirgin ruwa daga Masar zuwa Italiya aka ce dabba bata shiga, su kuma suka ce toh ai ba dabba bane soja ne, suka yi masa rajista da lamba da muƙamin farabiti da littafin albashi, ya shiga. A yaƙin Monte Cassino da ke Italiya abokan aikinsa sun ba da labarin yana taya su ɗaukar akwatunan harsashi, har rukuninsu na soja, wato kamfani na 22, ya mayar da hoton beyar rungume da harsashin igwa tambarinsa, daga baya ya samu kofur.

Mutanen nan da yawansu daga sansanonin Tarayyar Sobiyet suka fito, kuma da yaƙi ya ƙare da yawa basu koma gida ba don Polan ta faɗa hannun 'yan gurguzu. Shi ma kofur bai koma ko'ina ba, a 1947 aka kai shi gidan zoo na Edinburgh. Tsofaffin abokansa su kan zo su tsaya a bakin shinge su yi masa yaren Polan ya ɗago kai, su jefa masa sigari ya haɗiye abinsa tunda ba mai kunna masa. A nan ya zauna har ya mutu a Disambar 1963.