Takin da Wake Yake Haɗawa a Saiwarsa

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da manoman da ke wannan zaure, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa tuge wake ko gyaɗa ya ga 'yan ƙullutu manne da saiwa. Wasu na ɗauka cuta ce. A'a, masaukin wasu bakteriya ne da ake kira rizobiya. Wani masanin kimiyya Baholande, Beijerinck, shi ya fara ware su a 1888.

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, wadda shuka ke buƙata don girma, amma ba ta iya amfani da ita haka nan, don ƙwayoyin naitirojin a ɗaure suke bibbiyu da ɗauri uku. Masana'antar takin yuriya sai ta kai zafin digiri 400 ko fiye, da matsi mai tsanani, kafin ta tsinka ɗaurin. Rizobiya kuwa a sanyin ƙasa suke wannan aiki.

Ta yaya? Saiwa ce ke fara kira: takan saki wani sinadari, bakteriya su amsa da nasu, sai gashin saiwar ya lanƙwashe ya rufe su, su kutsa ciki, wurin ya kumbura. Daga nan ciniki ne: shuka ta ba da sukari, su kuma su mai da naitirojin ta zama amoniya, wadda shuka ke iya amfani da ita, su miƙa mata.

Ga inda abin ya fi burge ni. Sinadarin da ke tsinka ɗaurin, naitirojines, iskar oksijin lalata shi take, alhali bakteriyar sai sun yi numfashi. Sai shukar ta samar da legimogulobin, ɗan'uwan abin da ke sa jininmu ja, ya kama oksijin yana sakar musu kaɗan-kaɗan. Don haka idan wake ya fara fure, tuge guda, ka fasa ƙullutun da farce. Ka ga ja-ja, ana aiki. Ka ga fari ko kore, babu abin kirki.

Wani malami a bayan zaure yana tambaya ko a zuba wa wake yuriya. Kada ka zuba wa wake ita da yawa. Shuka ta samu a ɓagas, sai ta rage ciyar da baƙinta. Fosfaras take so, wato takin sufa. Kuma in ka kwashe harawa kaf, naitirojin mai yawa ya bi ta, sai dai ka dawo wa gonar da kashin dabbobin da suka ci harawar.