Ilana, album ɗin Mdou Moctar da munka yi sakaci da shi

Salamu alaikum ƴan uwa, barkanku da warhaka. Yau album guda na zo in yi muku zance kai, Ilana na Mdou Moctar, wanda ya hito a 2019. In an ce Mdou a fada kowa Afrique Victime yaka kira, na 2021, shi ne ya yi suna, amma ni wallahi wanga na gabanshi ya hi taɓa min zuciya.

Mutumin nan hwa ɗan jiharmu ta Tawa ne, Buzu ne kuma bahago, gitar ɗinshi ta hwarko da hannunshi ya haɗa ta da wayar birkin keke. Album ɗinshi na hwarko Anar a Sakkwato anka yi shi 2008 da otocun irin na waƙoƙin Hausa, ta bulutut da kart memwar ya yi ta yawo waya zuwa waya, ƙila ma kun taɓa jin shi ba ku san mai shi ba.

To Ilana shi ne karon hwarko da ya shiga situdiyo da cikakken gurup, can Detroit a Amurka, kamfanin waƙa na Sahel Sounds sunka hiddo shi. Ahmoudou Madassane na riƙe da gitar ta biyu, Mikey Coltun na bas. Kuma abin da ya burge ni, ba su wanke kiɗan ba don ya yi ma Turawa daɗi, yadda aka buga shi wurin biki a Agadas haka sunka bar shi, da ƙararshi da ƙurarshi.

Ku saurari waƙar Tarhatazed, ta wuce minti 7. Ganga tana tahiya kamar raƙumi ya ɗau sassarfa, gitar ta biyu na maimaita abu guda ba ta gajiya, shi ko Mdou yana bisa yana ta hawa yana ta hawa har sai ka ji tsigar jikinka ta tashi, ni ranar da na hwara jin ta shayi na kan wuta har ya ƙone ban sani ba. Da Tamashek yaka waƙa, ba duka nika ji ba, amma ciwon da ke cikin muryar ba ya bukatar tafinta.

Kada ku tsallake waƙar ƙarshe, Tumastin. Bayan duk wannan wuta sai komi ya lahwa, ku sa ta da dare in gari ya yi tsit, da ekutar a kunne.