Tina Turner: sunan da ta ƙi bari a kotu

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma. Da nake shigowa, wani yaro ya tare ni a bakin ƙofa yana tambaya ko zan kunna kiɗa tunda maganar mawaƙiyar rock ce. Ba zan kunna ba. Labarin suna na kawo muku.

Sunanta na yanka Anna Mae Bullock. An haife ta ranar 26 ga Nuwamba 1939 a jihar Tennessee ta Amurka, ta tashi a Nutbush, ƙauyen manoman auduga. Ta tsinci auduga tana ƙarama, ta yi waƙa a coci. Da kakarta ta rasu, sai ta koma wurin mahaifiyarta a St. Louis, kuma a can ta fara zuwa kallon wani makaɗi, Ike Turner, da ƙungiyarsa Kings of Rhythm. Wani dare ana hutun rabin lokaci ta karɓi makirufo ta rera, Ike ya ji muryar, daga nan ya ja ta cikin ƙungiya.

A 1960 suka shiga ɗaukar waƙar "A Fool in Love". Mawaƙin da aka shirya wa ita bai zo ba, ita ta rera, waƙar ta karɓu. To, a nan nake so ku kasa kunne. Ike ne ya laƙaba mata Tina Turner, kuma ya yi wa sunan rajista a matsayin mallakarsa. Dabararsa ita ce, in wannan yarinya ta tafi, ya ɗauko wata ya kira ta Tina, kasuwa ta ci gaba. Wato sunan riga ce aka ba ta aro.

Suka yi aure a 1962. A kan dandamali babu kamar su. Sun bi shahararriyar ƙungiyar mawaƙan rock, Rolling Stones, yawon wasa a Ingila a 1966, da Amurka a 1969. Waƙar "Proud Mary" ta 1971 ta ciyo musu Grammy, babbar lambar yabon mawaƙa ta Amurka. A shekarar nan ma sun taka ƙasar Afirka ta Yamma: ranar 6 ga Maris 1971 suna cikin waɗanda suka yi wasan Soul to Soul a dandalin Black Star da ke Accra, ranar bikin 'yancin Ghana. Amma a bayan labule duka ne, da zagi, da hodar iblis da ta ci ƙarfin mijin. Ita da kanta ta ba da labarin daga baya, babu rufa-rufa.

Watan Yuli 1976, a Dallas. Sun yi faɗa a mota daga filin jirgi, fuskarta ta kumbura, jini a rigarta. Ta bari barci ya kwashe shi, ta sulale daga otal, ta tsallaka babban titi da ƙafa cikin dare, ta shiga wani otal da ke ƙetare. Abin da ke hannunta senti 36 ne da katin shan mai. Manajan ya dube ta, ya ba ta ɗaki.

Da aka kammala rabuwa a 1978, ta bar masa gidaje, da ɗakin ɗaukar sauti, da kuɗin waƙoƙin da suka yi tare. Bashin wasannin da aka soke bayan tafiyarta ma ya hau kanta. Ta dage a kan abu guda: a bar mata sunan. Wasu za su ce wauta ce. Ni ina ganin ta fi kowa a kotun nan sanin inda dukiyar take, domin shekara 16 ta yi tana zuba gumi a cikin sunan, kuma masu sayen tikiti shi suka sani.

Sai da ta sha wuya tukuna. Ta yi wasa a ƙananan wurare da otal-otal don biyan bashi, kamfanoni na kallonta a matsayin wadda zamaninta ya wuce. Ga ta baƙar fata, ga ta mace, ta haura arba'in, kuma tana cewa rock take so, kiɗan da a lokacin fararen samari suka mamaye. Daga Landan aka buɗe mata ƙofa. A 1984 faifan Private Dancer ya fito, "What's Love Got to Do with It" ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, tana da shekara 44. A Janairun 1988, mutum kusan 180,000 suka cika filin ƙwallo na Maracanã a Rio de Janeiro ta ƙasar Brazil don ita kaɗai.

Ƙarshen rayuwarta a Suwizalan ta yi shi. Ta auri Bajamushe Erwin Bach a 2013, shi ne kuma ya ba ta ƙodarsa a 2017. A 1991 an shigar da ita zauren girmama mawaƙan rock tare da Ike. A 2021 aka sake shigar da ita, wannan karon ita kaɗai, da sunan nan dai. Ta rasu a garin Küsnacht na Suwizalan ranar 24 ga Mayu 2023, tana da shekara 83.

Na ga shugaban taro yana nuna min agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.