Jawabin Ma'aji Kan Asusun Jana'iza

Shugaba, a yi mini haƙuri, zan ajiye lissafin hayar zaure zuwa anjima, in fara da abin da ya hana ni barci tun makon jiya.

Ranar da aka yi mana rasuwa, tun azahar nake tsaye a harabar asibiti da waya a kunne har bayan isha'i. Matar marigayi na zaune a kan benci da yaro a cinya, duk wanda na kira tana jin abin da nake roƙo. Na buɗe asusun jana'iza a waya, abin da ke ciki ko rabin kuɗin kabari bai kai ba. Da a gida ne, wa zai tsaya kiran wani? Kafin labari ya kai bakin layi maƙwabta sun cika ƙofar gida. Nan Birtaniya kuwa, in ba mu ba, babu kowa.

Kuma kun yi abin a yaba, Allah ya saka da alheri. A dare ɗaya kuɗin suka haɗu. Amma 'yan'uwa, ga abin da ya ɗaure mini kai: waɗanda suka turo fam ɗari-ɗari a daren nan, su ne dai fam 10 na wata na asusun jana'iza ya gagara. Ke nan ba rowa ba ce, ba kuma babu ba ce. Mu 'yan kwamiti ne ba mu karanci abin da ke motsa mutanenmu ba.

Bara ni na kawo shawarar tarar fam 5 ga wanda ya makara wajen biyan kuɗin wata, har na bugi ƙirji na ce wata uku ya isa kowa ya shiga taitayinsa. Sai wani bawan Allah, yana cikin zauren nan, ba zan kalli sashensa ba, ya tare ni a wajen ajiye motoci ya ce, "Ma'aji, nawa ne tarar? In haɗa maka gaba ɗaya ƙarshen shekara." Da can kunyar haɗuwa da ni yake yi. Yanzu ya san farashin kunyar, ya ga da arha.

'Yata da ke karatun tattalin arziki ta yi mini dariya, ta ce Baba ai an riga ka. A birnin Haifa na Isra'ila an taɓa gwada cin tarar iyayen da ke makara wajen ɗaukar 'ya'yansu a gidajen reno, shekel 10 na kuɗin ƙasar kan kowane yaro. Masu makara suka ƙaru, har suka kusa ninkawa, kuma da aka janye tarar ba su koma yadda suke ba. Tun shekarar 2000 aka wallafa binciken, ni sai da asusu ya bushe na ji labari.

Ba wai kuɗi ba ya juya mutum ba ne. Kun tuna Oktoban 2015 da aka sa kwabo 5 kan ledar manyan kantuna a Ingila? Yau ledar da kantunan ke bayarwa ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Hajiya, ke da kanki na gan ki kin koma mota ɗauko jaka cikin ruwan sama. Bambancin shi ne a nan take ake tambayarka, gaban mai kanti, jama'a na bayanka a layi. Tararmu kuwa tana can ƙarshen shekara, ba wanda ke ganinta.

Amma wanda ya fi kama da matsalar asusunmu shi ne fansho. Shekara da shekaru gwamnatin Birtaniya na roƙon ma'aikata su yi tanadi, suna cewa gobe. A 2012 sai ta juya abin: wanda ya ɗauke ka aiki ya sa ka a tsarin fansho kai tsaye, in ba ka so, kai za ka nemi fita. Ita kanta gwamnatin ta yi hasashen fiye da ɗaya cikin huɗu za su fice. Waɗanda suka fita ba su wuce kusan ɗaya cikin goma ba, kuma sama da mutum miliyan 10 aka shigar ta wannan hanya. Ku duba takardar albashinku, yawancinku kuna ciki, ba ku taɓa jin zafinsa ba. Idan masu ofisoshi da ƙwararru sun yi kuskuren lissafin zuciyar ɗan Adam, to nawa kuskuren da sauƙi.

Akwai wani laifin nawa kuma. Hukumar haraji ta ƙasar nan ta gano cewa in ta rubuta wa wanda take bi bashin haraji cewa mutum tara cikin goma suna biya kan lokaci, biyan yana ƙaruwa. Ni me nake rubutawa a zaurenmu na WhatsApp kowane wata? "Har yanzu akasarinku ba ku biya ba." Wato ina sanar da kowa cewa yana da abokan tafiya. Na daina daga yau.

Don haka ga roƙona, don girman Allah. A soke tarar. Kowa ya ba bankinsa umarni sau ɗaya ya riƙa tura fam 10 ranar ɗaya ga wata. Wanda yake cikin matsi ya same ni a keɓe, ba wanda zai ji. Kada wata 'yar'uwarmu ta sake zama kan benci tana sauraron ana yi wa mijinta bara.

Sauran a taƙaice: an biya hayar zaure har watan gobe, kuɗin makarantar yara ta Asabar sun shigo, rasit na wurin Sakatare ga mai son dubawa. Wanda bai buɗe asusun bizarsa ta intanet ba, katunan zama na da sun daina aiki tun 31 ga Disamba 2024, ya ga matasanmu bayan taro.

Lambar asusun jana'iza tana kan allo. Ku fito da wayoyinku yanzu, ba sai kun je gida ba, na san halin "in na je gida". Shugaba, da kai za mu fara, ranka ya daɗe. Ni zan tsaya a bakin ƙofa.