Amsoshin tambayoyinku: Kiɗa ne ko rediyona ne ya lalace?

Jama'ar Damagaram da kewaye, assalamu alaikum, barkanmu da yamma. Tun makon jiya da muka sa muku faifan kiɗan jaz ɗin nan na John Coltrane, Ba'amurke mai busa saksofon, wanda aka ɗauka a gaban ƴan kallo a gidan kiɗan Village Vanguard na birnin New York a watan Nuwamba na 1961, wasiƙu ba su daina shigowa ba. Yabo kaɗan ne, faɗa ya fi yawa.

Wani dattijo daga Birni ya rubuto yana cewa: "Abin da kuka sa mana, kiɗa ne ko rediyona ne ya lalace? Har batir na sake."

Baba, Allah ya ƙara girma, rediyonka lafiya lau. Kuma ba kai ka fara wannan ƙorafi ba. A shekarar ta 1961 wani marubuci a mujallar DownBeat ta Amurka ya ce abin da Coltrane da abokinsa Eric Dolphy suke busawa kishiyar jaz ne, har sai da su biyun suka fito a mujallar a Afrilun 1962 suka kare kansu.

Yankin da ya tayar maka da hankali shi ne "Chasin' the Trane", kusan minti 16. Mai fiyano ya naɗe hannu, aka bar mutum uku: Coltrane da busa, Elvin Jones da ganguna, sai Jimmy Garrison da ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana kaɗa tsirkiyarsa da yatsa. Ba su shirya waƙar tun daga gida ba, a nan take ake ƙago ta. Amma a ƙarƙashin duk wannan kururuwa akwai zubi mai gaɓa 12 irin na kiɗan bulus (blues) na baƙaƙen Amurka, yana kaiwa ƙarshe yana komowa farko. In za ka sake ji, Baba, rabu da mai busa tukuna, ka bi sawun mai goge. Shi ke riƙe da akala.

Ni a ganina ga inda gizo ke saƙa. Kunnenmu da magana ya tashi. Kalangu magana yake yi, kakaki a ƙofar fada kirari yake yi, mawaƙi ya ja baiti ƴan amshi su karɓa. A nan kuwa ba baiti, ba amshi, sai kunne ya yi ta jiran a ce wani abu, ba a ce ba. Ni kaina ranar da na fara jinsa ban kai rabi ba na kashe. Har gobe kuma akwai wuraren da nake jin mutumin lalube yake yi, ya kama jimla ɗaya ya juya ta sau biyar bai sami abin da yake nema ba. Ba zan ce muku duka daɗi gare shi ba. Sai dai abin da aka yi a bainar jama'a ya gaji haka, ba a cewa a dakata a sake, kamar dai makaɗi a dandali.

Wata ɗaliba daga Garin Malam ta ce ita ta ji kamar algaita, ko daga wurinmu suka samo ta? Ƴar'uwa, kunnenki na da kyau. Inda kika ji hakan, siririn saksofon Coltrane yake busawa, muryarsa tana tashi sama da ɗan hanci kamar algaitar fada. Amma asali daban ne. Wani ɗan Beljiyam, Adolphe Sax, shi ya ƙera saksofon, ya yi masa rajista a 1846, kuma harshensa ɗaya ne, na algaita biyu.

Mai tambaya daga Magarya ko bori ne ya hau shi: a'a, Malam, mutum ne da aka sani da kwana yana gwajin busa.

Sai wani tela daga Kasuwar Dole, shi kaɗai ya ce a maimaita, wai gangar ta yi daidai da takun kekensa. Yana tambaya ko mai busar na raye. Ya rasu ranar 17 ga Yuli 1967 yana da shekara 40, ciwon dajin hanta. Wata uku kafin nan ya yi wasa a cibiyar al'adun Afirka da ke unguwar Harlem, ta abokinsa Babatunde Olatunji, makaɗin ganga ɗan Najeriya, kuma shi ma an ɗauka a faifai. Wannan kam ba zan sa shi yau ba, don ya fi na makon jiya zafi nesa ba kusa ba.

Ga dai mai sanyi daga faifan namu na farko, minti shida da ƴan kai, McCoy Tyner ne zai buɗe da fiyano. Baba na Birni, a bar batir ɗin nan yadda yake.